Da Sauƙi, In Ji Sale

Ku yi shiru ku ji, don wannan ba a rediyo na ji shi ba. Da idanuna biyun nan na gani, ni Idi na Wurma, kuma wanda duk ya ce maku babu korona ku turo mani shi, na kwana ɗaki ɗaya da ita kwana takwas.

Kuɗɗin motar da muka bar gida da shi, tunkiyar Yaya Hajara ce. Ita ce babbarmu, ita ta riƙe mu bayan rasuwar Inna. Ta sa aka ja tunkiyar zuwa kasuwar Dutsin-Ma, ta damƙa mani abin da aka samu, ta ce, "Idi, ga ƙanenka Sale nan. Yadda ka tafi da shi haka za ka maido mani shi." Ku lura, ba ta ce wa Sale ya maido ni ba. Ni ko na ɓata a hanya, Allah ya kyauta. Tun muna yara haka abin yake, shi ne ɗan lele, ni ne na aike.

Muka hau bisa tirelar shanu, kwana biyu muna shan warin kashi, sai Ikko. Ni na san gari, na yi rani tara can kafin shi. Ni na nuna mashi yadda ake tsallake titi, ni na koya mashi in an ce "aboki" ya amsa ko bai so. To amma ku ji ikon Allah. Ni ina Agege ina tura kurar ruwa har bayana ya lanƙwashe, shi wata biyu da zuwa ya samu gadi a gidan wani mai kuɗɗi. Ɗaki nashi shi kaɗai, da fanka. Har da wata 'yar talabijin. Mi ya fi ni? Gaisuwa. Sale in ya fara gaishe ka sai ka nemi wurin zama. Zai tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi maƙwabta, ya gangaro har kan awakinka. Da wannan ya saye mai gidan. Ni kuwa Allah bai yi ni da dogon baki ba, kamar yadda kuke gani.

Kai Nura, mi kake dariya?

Sai ga shekarar korona. Aka ce lokdan. Na ce wane ne Lokdan, ɗan ina ne? Ashe kulle ne, kowa ya zauna gida. Aka sa mana takunkumi kamar jakkai, aka kawo wani ruwa mai warin giya wai sanitaza, a shafa a hannu. Ana cikin haka wata safiya na ga Sale a ƙofar ɗakina da jakarshi, yana tari. Mai gidan nashi ya ji tarin, ya tsaya daga nesa ya ce ya je ya huta wurin 'yan uwanshi. Ba zan ɓoye maku ba, na tausaya mashi, amma can ƙasan zuciyata wani abu ya ce, yau ga mai fanka a ɗakin marar fanka.

Na shimfiɗa mashi tabarma. Zazzaɓi, tari, ciwon jiki. Na dafa mashi citta da lemun tsami da tafarnuwa, na samo ganyen bedi na yi mashi surace, na sawo farasitamol a kemis. Na zuba mashi yaji a tuwo ya ce bai ji komi ba, ko ƙamshin daddawa bai ji. Na ce wannan kuma iyayi ne na wanda ya saba cin abincin masu kuɗɗi.

Mai gidan da nake haya wata Bayarabiya ce, muna ce mata Iya, ta iya Hausa kamar ta ci mutum. Ta zo ta tsaya tsakar gida, ta ɗaure hanci da kallabi.

"Mala Idi, wa ke tari ɗakinka?"

"Ni ne, Iya."

"Kai ga ka nan tsaye, ana tari ciki."

"Wanda na yi ɗazu ne bai gama fita ba."

"In korona ka kawo mani gida, kai da kurarka waje."

"Iya, mura ce. Mu a Katsina haka murarmu take, babba ce."

Ta tafi tana zagina da yarensu, ni ma na rama da namu.

To akwai wani Hamisu, mutumin Birchi, ɗaki biyu tsakaninmu. Shara yake yi a wani ƙaramin asibiti. Shara, da tsintsiya. Amma don yana sa riga mai ruwan bula yana dawowa da warin magani, duk 'yan ci-ranin unguwar Dakta suke ce mashi. Dakta ƙafata, Dakta cikina. Ni da na girme shi da shekara goma ba wanda ya taɓa tambayata ko maganin ƙaiƙayi. Kwana na huɗu ya leƙo ta taga da takunkuminshi.

"Baba Idi, Sale fa yana da ciwon suga, kuma ba yaro ba ne. Irinsu ba a jira da su. Akwai lambar da ake kira, su zo su duba shi."

"Su zo su ɗauke shi dai."

"In ta kama."

"Ka taɓa ganin wanda aka kai wurin killacewar nan ya dawo? An ce in mutum ya cika can ko gawa ba a ba ka. Ba wanka, ba sutura ta kirki. In je in ce wa Yaya mi?"

"Na ga waɗanda suka dawo, Baba. Waɗanda aka kai da wuri."

Na juya na ce, "Sale, ya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na ce, "To Dakta ka ji. Mai jiki ya ce da sauƙi. A koma shara."

Tsoron gawar nan gaskiya ne. Amma tunda yau na zauna faɗin gaskiya, rabin abin ba tsoro ba ne. Da wani ne ya kawo shawarar da na ɗauka. Don ta fito bakin Hamisu ne. Na ga yadda Sale ke ɗago kai yana sauraronshi, ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ke wanke mashi kwano amma idonshi na kan mai shara.

Haka muka yi ta yi. Safe in ce ya jiki, da sauƙi. Rana in ce ya jiki, da sauƙi. Ya koma sallah a zaune, da sauƙi. Zuwa bayi sai ya dafa bango ya huta sau ukku, da sauƙi. Kullum Hamisu ya dawo aiki sai ya leƙo, ni kuma in miƙa mashi "da sauƙin" nan kamar takardar shaida.

Kwana na bakwai Hamisu ya kasa haƙuri. Ya ce, "Baba Idi, don Allah tunda kake ka taɓa jin Bahaushen da aka ce wa ya jiki ya ce babu sauƙi? Tsohona ana gobe zai rasu na tambaye shi, ya ce da sauƙi. Tarbiyya ce, ba labarin jiki ba ne. Ka bar tambayarshi, ka dube shi. Dubi yadda ƙirjinshi ke hawa da sauka yana kwance ba aikin da ya yi. Zazzaɓi da tari a iya jinyarsu a ɗaki. Amma in numfashi ya fara gagara, ko ƙirji ya riƙe, ko mutum ya fara ruɗewa, an wuce citta."

Na ce, "Ka gama wa'azin?"

Ya tafi. Ni kuma na ƙara citta.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara, Yaya ce daga Wurma. Da ma na ce mata mura ce. Ta ce in ba ta shi. Na kara mashi wayar a kunne, na ƙara murya don in ji.

"Yaya... ina kwana."

Ya tsaya. Yana jan iska kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

"Ya jikin, Sale?"

"Da... sauƙi."

Shi ke nan. Ya tura mani wayar da bayan hannu. Na kara ta a kunne na ce Yaya ga ni. Sai ta ce, "Idi, wannan ba muryar mura ba ce. Sale bai tambayi 'ya'yanshi ba. Bai tambayi Ladi ba, matarshi tana nan gefena. Sale da ke gaishe da kajina? Wa ke kusa da ku mai hankali?"

Ku ji fa. Mai hankali. Ina riƙe da waya.

"Ba yaron nan na Birchi a gidanku? Ba ni shi."

Na dubi Sale da kyau, karo na farko ba don in ji amsa ba. Leɓɓanshi sun canza, sun yi wani toka-toka. Ya dube ni yana son ya ce wani abu, iskar faɗi babu. Na fita ba takalmi na buga ƙofar Hamisu, Allah ya sa ranar bai da aikin safe. Ban ce mashi mai shara ba. Na ce, "Dakta, kira su."

Ya kira. Suka ce motar ba ta iya shiga lungunmu, don lungun kwata ce rabi, hanya rabi, sai dai a fito da shi bakin titi. Nan fa na nuna masu wane ne Idi. Na ɗaure takunkumi, na sunkuci Sale na goya shi a baya kamar jariri, na ratsa lungun nan da gudu ina tsallake kwata, mutane na darewa. Iya na ihu daga bene wai da ma ta faɗa. Muka iske motar da wasu mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa kamar buhunan auduga. Suka manna mashi wata roba a hanci, iska ce wai a cikin tukunyar ƙarfe. A Ikko har iska a tukunya take. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi kwana nawa yana haka, na ce biyu, Hamisu ya ce takwas. Mutumin ya dube ni ta cikin gilashinshi, ya juya kan Sale. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Mu kuma aka ce mu kulle kanmu sati biyu. Ina ɗaki ina shan gari da ruwa, Iya na ajiye mani biredi a bakin ƙofa da sanda. Kwana biyar ba labari, kullum ina jiran a ce ya cika. Na shida waya ta yi ƙara. "Yaya Idi, ina wuni, ya gida, ya Iya, ya Dakta, ya kurar ruwa..." Na zauna ƙasa, hawaye na zuba, na bar shi ya gaishe da kowa har ya gaji. Sai na ce mi suke ba ka can? Ya ce shayi da madara da ƙwai biyu da safe, da rana shinkafa da kaza. Kaza. Hawayen suka tsaya nan take. Shi ke ciwo shi ke cin kaza, ni mai lafiya ina kan gari.

Da aka buɗe hanya muka taho gida. Sale ya yi kumatu, ni na rame kamar kara. Mutane daga Kurfi, daga Makera, suna ta zuwa ganin wanda ya yi korona ya tashi. Yaya ta kama zabbi biyu ta aika Birchi gidan su Hamisu, har da ƙwaryar ƙwai. Ni ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka maido shi." Ko sannu babu. Har yau in an yi baƙo ta fara labarin, sunan Hamisu ke fitowa sau goma kafin nawa ya fito sau ɗaya.

To ku masu shirin tafiya bana, in naku ya kwanta can, kada ku tsaya kan abin da bakinshi ya faɗa. Kuma in mai gaskiyar wanda ba ku so ne, ku ƙi shi daga baya, bayan an kai marar lafiya.

Sai abu ɗaya, tunda ga Sale can tafe, kuma in ya gama gaishe ku zai ƙaryata ni. Goyon nan da na ce na yi, ƙari ne. Na gwada, bayana ya ƙi. Hamisu ne ya goya shi har titi. Ni takalman Sale na riƙo ina bin su a baya, ɗaya ma ya faɗa kwata.