Doki Mai Ƙafa Ɗaya

A tashar Dogon Dutsi, Ɗantani na jiran motar Matankari ta cika, sai saurayin da ke gefensa ya kashe rediyo.

"Baba, har yanzu ana binciken wanda ya fitar da sirrin gwamnati. Ni dai na ce sakataren nan na ofishin gwamnati a garin nan ne. Mai albashi da dokin sukuwa? Ai da walakin!"

"Ba nasa ba ne shi kaɗai," in ji Ɗantani. "Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi dokin, kowa da ƙafa guda. Ta baya ta hagu ce tawa."

"Ayya, Baba, ban sani ba."

"Ranar sukuwa ba sakatare, ba manomi. Dokinmu na gaba, muna ihu har murya ta dishe. Da yamma mu sa hannu a akushi ɗaya."

"To, shi ya fitar?"

"Allah masani. Tun da aka fara binciken nan, kowa a cikinmu na tsoron a gan shi da wani. Ni kaɗai ke kai wa dokin harawa."

"Yana gudu dai?"

"Ɗana, ka taɓa ganin doki ya yi gudu da ƙafa ɗaya?"