Iya Ta Ce In Zaɓi Ɗaya

'Yan'uwana mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu! Haleluya! Kai, wannan amin ɗin ta yi sanyi, kamar ba ku karya kumallo ba. Haleluya! Yawwa, yanzu na ji ku.

Sunana Hannatu, maigidana Malam Bulus ne, mai noman shinkafa a fadamar da ke bayan gari. Da yawanku kun san ni da sunan da aka laƙaba mini a bakin famfo: mai kwanika. 'Yan matan da ke bencin baya, in ba ku san kalmar ba, ita ce mace ta ɗauki ciki alhali na bayanta bai isa yaye ba. To ni ce nan, kuma yau ba kunya ta kawo ni gabanku ba, murna ce!

A daminar da kogin Haɗeja ya yi ambaliya ya shafe mana shinkafa, 'yata Tabita ko rarrafe ba ta iya ba. Ruwa ya ci ɗakinmu, muka tattara muka koma gidan uwar mijina, Iya, da yake nata yana kan tudu. Maigida kuwa kullum yana bakin jinga tare da mazan gari, suna cika buhunan yashi don kada ruwa ya ƙarasa shigowa. Sai ya yi kwanaki ban sa shi a ido ba. A cikin wannan halin na gane ina da ciki. Ban gaya wa kowa ba.

Ana nan sai Tabita ta kama zawo da amai. Yarinyar da take ɓul-ɓul ta zube, idanu suka faɗa, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Wayyo, 'yan'uwa, wadda ta taɓa riƙe ɗanta a haka ta san abin da nake faɗa.

Kun san idon tsofaffi. Iya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hannatu, ciki gare ki."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "To ga ciwon nan. Nonon ciki take sha, shi ke kashe ta. Ba ta isa yaye ba, kunu ba ta karɓa, madarar gwangwani kuma da me za a saya, shinkafa tana ƙarƙashin ruwa? Ki zaɓi ɗaya, 'yata. Wadda ke hannunki ko wanda ba ki gani ba."

Kada kowa ta zagi Iya a ranta. Ba mugunta ba ce. Haka ta ji daga uwarta, uwarta ma haka ta ji, kuma jikarta take so ta ceta. Ta tsufa a ikilisiya, amma wannan maganar ta riga ta zauna mata daram.

Washegari da safe ta kawo jiƙo a kofin silba ta ajiye kusa da tabarmata. Ta ce, "Ai bai zama mutum ba tukuna, jini ne kawai. Ki shanye, babu wanda zai ji, ko mijinki." Ta ɗauki buta ta zaga bayan gida don ta ba ni wuri.

'Yan'uwa, na ji tsoro! Tabita tana kan cinyata tana numfashi sama-sama, kofi yana gefena. Na san abin da aka koya mana, cewa rai na Allah ne tun daga ranar da ya sa shi a ciki. Amma sani a kan bencin coci daban, sani da yarinya tana mutuwa a cinyarki daban.

Sai na durƙusa da ita a hannu. Ban iya doguwar addu'a irin ta su Mama Fasto ba. Cewa na yi, "Yesu, kai ka ba ni su biyun nan. Ni ban iya zaɓa ba, kuma ba zan zaɓa ba. In za ka ɗauka, ka ɗauka da hannunka, amma ba da nawa ba."

Ina rufe baki na ji wani ƙarfi ya shige ni har ƙafafuna. Na miƙe, na ɗauki kofin, na fita tsakar gida na tuttular da shi a kwata. Iya tana dawowa ta gani.

Na ce, "Iya, ki gafarce ni. Ban taɓa yi miki musu ba, amma wannan ba zan sha ba."

Ta ce, "Shi ke nan. In yarinyar nan ta mutu, alhakinta yana wuyanki."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye muku ba. Na koma ɗaki, ban san abin da zai biyo baya ba.

Rana ba ta take ba sai na ji waƙa daga bakin ruwa. Waƙar zumuntar mata! Ashe Mama Fasto ce da wasu cikinku kuka hau kwalekwale kuna bi gida-gida da garin masara, kuna duba waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Ga Mama can tana dariya, ta tuna! Ita da take tsoron ruwa, ranar ta riƙe gefen kwalekwale kamar za ta ɓalle shi.

Tana ganin Tabita ta ajiye buhu ta ce, "Hannatu, ɗauki zanenki. Asibiti, yanzu!"

Daga kwalekwale muka hau adaidaita, muka isa. Aka sa mata ƙarin ruwa nan take. Malamar asibiti ta tambaye ni wane ruwa muke sha, na ce na rijiyar gidan Iya. Ta ce ambaliya ta shiga rijiyoyin unguwar, yara da yawa sun zo da irin wannan ciwon. Na yi ƙarfin hali na ce, "Malama, ba nonona ba ne? Ina da ciki." Ta ce, "Baiwar Allah, ci gaba da ba ta. Ke dai ki ci abinci, ku riƙa tafasa ruwa."

Haleluya! Da na shanye abin nan, da na kashe ɗana a banza, ita kuma Tabita ta ci gaba da shan ruwan rijiya!

Da maigida ya zo daga jinga, taɓo har gwiwa, ya ji labari, zama ya yi a ƙasan barandar asibiti ya rufe fuska yana kuka. Iya ta biyo mu asibitin, amma bai yi mata faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Iya, da ɗana za ku taɓa ban sani ba?" Ita ma ta fashe da kuka.

Tabita ta warke. Cikin ya girma, mata suka yi ta zunɗe a bakin famfo, ni kuwa na ɗaure zanena na wuce su da kaina a sama. Bayan salla da muka yi ta Ista na haifi namiji, ƙato, muka sa masa Ishaku. Wa kuke tsammani ta yi masa wankan farko? Iya! Yanzu ba ta da magana sai "angona ya ci?", "angona ya yi barci?" Ni da na haife shi sai na roƙa kafin a ba ni.

Saboda haka, iyayenmu mata, ina roƙonku da girmamawa. In yarinya ta zo muku da cikin da bai zo a lokacin da ake so ba, kada ku miƙa mata kofi, kada ku nuna mata hanyar kemis. Ku kama hannunta ku durƙusa tare, sannan ku kai ta a duba ta. Duniya tana ta cewa ba mutum ba ne. Mu mun san wanda ya yi shi. Ku kuma masu irin nauyin da na ɗauka, ku dogara ga Yesu, bai makara a kaina ba.

Na gode wa Ubangiji da bai bar ni na zaɓa ba. Iya ce ta ce lallai in faɗi wannan shaidar, har da nata ɓangaren, kada in rage komai. Iya, taso mana, kwance shi daga bayanki ki ɗaga shi su gan shi. Ku dube shi da kyau, 'yan'uwa. A yabi sunan Yesu!