Gishirin da Muka Shafa wa Kwamfutar Ƙungiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Mai girma shugaban taro. Ranka ya daɗe Dagaci. Allah gafarta Malam Liman. Ardo Hammawa da jama'arsa. Iyayenmu mata da ke bayan rumfa. Manoman Jajaye da makiyayanta. Har da waɗanda suka baro aikinsu musamman don su ga yadda zan ƙare: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya tara mu, ina gode muku da kuka ba ni dama in yi magana kafin ku yanke hukunci. Ni ne Yusha'u, sakataren ƙungiyar manoma da makiyaya, kuma ni ne wanda wata biyu ke nan ana nuna shi da baki a kasuwa. Abin da ake faɗa ya iso kunnena. Wai da gangan na kashe kwamfutar ƙungiya, domin a cikinta muka naɗi muryar marigayi Malam Sulle, dattijon da shi kaɗai ya san inda burtalin shanu ya bi tun daga tsamiya har rafi. Wai ina tsoron burtalin ya ratsa gonata ta gyaɗa. Ga damina ta ƙarato, ga shanu za su wuce, ga sunana a ƙasa. Wallahi maganar nan ta yi mini ciwo, don haka ku saurara.

Na farko, ku shaida ne cewa kwamfutar nan ta tsufa. In ka kunna ta da azahar, sai ka yi la'asar ka dawo ka tarar ba ta gama miƙa ba. Kwamiti ya zauna, ya ce a ƙara mata ram, wato ɗan siririn allon da ke ba ta sauri, a kuma sake mata rumbu, wato faifan da take ajiya a ciki. Muka aika Kano, muka ce a zaɓo mana mafi girma, mafi sabunta, kamar yadda muke zaɓen bijimi. Mu bakwai ne a kwamitin nan, jama'a, mu bakwai, amma babu wanda ya tambayi shekarun kwamfutar.

Na biyu, kaya suka iso, muka buɗe cikinta a kan tabarma. Ram ya ƙi shiga. Akwai wata 'yar tsaga a gindinsa, akwai wani ɗan haƙori a mazauninsa, sun ƙi haɗuwa da juna. Muka juya shi gabas, muka juya shi yamma. Sai Barau maƙeri ya karɓa, ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya.

Ya ce, "Sakatare, shekara talatin ina sa wa fartanya ƙota, ban taɓa mayar da ko ɗaya ba. Miƙo mini magagari."

Ya goge, ya hura, ya danna da babban yatsa. Ya shiga! Har kabbara muka yi. Muka kunna, fuskarta ta yi baƙi ƙirin, ta yi kuka sau uku, ta yi shiru.

Na uku, kuma ina roƙon Ardo ya yi mini afuwa, domin dole in faɗa. Da ya ji kukan nan sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam Yusha'u, na san kukan nan. Saniya ce aka kawo wa maraƙin da ba nata ba. Mu gishiri muke shafa masa, in ta lasa sai ta karɓe shi."

Jama'a, kada wanda ya yi dariya, domin rabinku kuna wurin, kuma babu wanda ya ce a'a. Muka jiƙa gishiri, muka shafa wa ram ciki da baya, muka mayar. Shi kuma sabon rumbun, ɗan falle ne da bai kai yatsa biyu ba, muka nemi inda za a soka shi muka rasa. Sai muka cire tsohon, muka ɗaure sabon a gurbinsa da roba, muka ba su kwana uku su saba.

A rana ta huɗu na ɗauki kwamfutar sai Karaye, wurin Fauziyya mai gyaran kwamfuta. Ta kwance, ta leƙa, ta ga gishirin.

Can ta ce, "Baba Sakatare, miya kuka so ku yi da ita?"

Ta yi mini bayani cewa kowace kwamfuta da zamaninta, kuma tsagar da muka goge an yi ta ne takanas don ta hana irinmu abin da muka yi. Ta ce wannan kam ta tafi, sai haƙuri. Sannan ta tambaye ni ina tsohon rumbun.

Tsohon rumbun, jama'a, yana gidana. Mai ɗakina Hajo ta danne murfin tukunyar daddawa da shi saboda kaji. A duk cikin kwamfutar nan, shi kaɗai ne kwamiti bai taimaka wa ba, kuma shi kaɗai ne ya rayu.

Na dawo gida na ɗauko shi na kai mata, Fauziyya ta jona shi da tata kwamfutar, na saurara ni kaɗai. Ga abin da Malam Sulle ya ce, kuma yanzu za a kunna muku ku ji da kunnenku: "Daga tsamiya a bi gabas da rijiya. Nan mahaifin Yusha'u ya shigo burtali da taku ashirin, shekarar da aka yi fari. Na yi shiru ne don maƙwabtaka."

Ban taɓa sani ba. Na yi kuka a shagon yarinyar nan, ba zan ɓoye ba. Tsakanin Karaye da nan na wuce rijiya huɗu da rumbun nan a aljihuna, ban jefa shi a ko ɗaya ba, kuma ga shi a hannuna, har yanzu yana ƙamshin daddawa.

Ardo, jiya na cire shingen gonata ta gyaɗa. Taku ashirin na auna, na ƙara ɗaya saboda ƙafar Malam Sulle ta fi tawa tsawo. Shanunku su wuce lafiya.

Allah ya jiƙan Malam Sulle, ya yafe wa mahaifina. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya, ya tsare sabuwar kwamfutar da za mu samu, ya raba ta da taimakon kwamiti. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.