Takardun Baba Muntaka Mai Majigi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdulhadi. Mai girma Maigarin Gidan Ɗinya, Allah ya ja zamaninka. Limaminmu Malam Khalilu, Allah ya gafarta malam. Malaman makaranta, na boko da na allo. Baƙinmu da suka taso tun daga Zakirai da Watari. Iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa. Manoman da suka ajiye fartanya yau alhali gona na kira. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga waɗanda suka buga bulo, da waɗanda suka ɗebo ruwa, da matan da suka ciyar da magina, har Allah ya nuna mana ranar buɗe ɗakin karatu a garinmu. Ina godiya ga kwamiti da ya ce a rubuta sunana, Zaharaddini, a allon ƙofar nan, saboda ni na yi ta zirga-zirga a Kano ina roƙo mana littattafai. Amma kuna gani allon fari ne fat. Ni na riƙe hannun mai fenti jiya. Ban tsaya nan don karɓar girma ba, na tsaya ne don roƙon abu ɗaya wurin mutum ɗaya: Yaya Aina'u, 'yar marigayi Baba Muntaka mai majigi, wadda ke zaune can cikin mata. Akwai wani ilimi da ba ya cikin littafin kowa, sai a kanta kaɗai ya rage, kuma shekara uku ke nan ta ƙi buɗe baki a kansa saboda ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari ku ji dalili.

Abu na farko, yadda na yi bincike. Lokacin da nake karatun digiri na biyu, ina zaune a wani ɗaki a Rijiyar Zaki, aka ba ni aiki kan rabe-raben fina-finai: wanne ne na soyayya, wanne ne na barkwanci, wanne ne na tarihi, wanne ne na faɗakarwa, kuma su wa suka raba su haka. Wallahi ban yi lalaci ba. Na shiga laburare da safe na fito da yamma. Na koyi neman littafi da lambarsa, na koyi duba ƙarshen littafi in ga wa marubucin ya karanta, in bi shi, shi ma in ga wa ya karanta. Na koyi cewa ba duk abin da intanet ta kawo ake haɗiya ba. A duba wa ya rubuta, yaushe, kuma me ya dogara da shi. Ɗalibai, ku riƙe wannan, hanya ce mai kyau, kuma don ita muka gina ɗakin nan. Hanyar ba ta cuce ni ba. Ni na ɗauka ita kaɗai ce hanya.

Abu na biyu, dakali. Kun sani kafin a kafa ƙarfen sabis, duk garin nan waya ba ta kamawa sosai sai a kan tudu, a ƙofar gidan Baba Muntaka. In na zo hutu, can nake tarewa a kan dakalinsa, ina sauke maƙalu daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Ga yaran da ba su san shi ba: Baba Muntaka ya yi shekara ashirin da wani abu yana bin motar majigi ƙauye-ƙauye. A kafa farin ƙyalle bayan magariba, a haska hoto, shi kuma ya riƙe lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa, ko kan taki, ko kan rigakafi, ko kan tsabtar rijiya. Tsofaffin da ke nan sun san muryarsa, ga Maigari nan yana gyaɗa kai.

Wata rana da la'asar ya fito da butarsa, ya tsaya a kaina ya ce, "Kai ɗan Furera, me kake haƙa a wayar nan kullum kamar mai neman gwaza?" Na ce, "Baba, bincike nake kan ire-iren fina-finai." Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ire-iren fim? Ai huɗu ne. Akwai fim ɗin shewa, akwai fim ɗin tsit, akwai wanda mata ke tashi su kama hanyar gida, akwai kuma wanda in an gama ba a watsewa, sai an kewaye motarmu da tambaya. Shi ne fim ɗin gaske. Duk garin da muka je na rubuta wanne muka nuna da yadda mutane suka yi. Shigo ka gani."

Na shiga zaure. Ya jawo adakar ƙarfe, ya buɗe: littattafan rubutu goma sha ɗaya, ɗinkin hannu, kowanne da zare. Na buɗe ɗaya. Jama'a, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyata da ke zaune nan. Da ajami ya yi rubutun, ni kuwa na kasa karantawa. Ina gane baƙaƙen, amma kalma ta ƙi haɗuwa. Ni da na bar allo tun ina ƙarami, ni da nake karanta Turancin farfesoshi, na tsaya gaban Hausar garinmu kamar baƙo. Abin da ya kamata in ce gajere ne: Baba, karanta mini. Amma girman kai rawanin tsiya. Na rufe littafin na ce, "Baba, irin wannan ba ya shiga aikin jami'a, amma zan dawo." Ƙarya na yi. Babu malamin da ya taɓa ce mini haka. Da na kai musu, da sun rungume ni. Ya dube ni, ya mai da littafin, ya ce, "To, Allah ya kai mu." Na koma dakalinsa na ci gaba da latsa waya.

Na sake zuwa hutu sau huɗu bayan wannan. Sau huɗu ina zama a dakalin, sau huɗu yana fitowa ya ce, "Yau za ka shigo?" sau huɗu ina cewa sai na dawo. Har na koyi zuwa lokacin da na san ya tafi masallaci.

Abu na uku shi ne mafi nauyi. Baba Muntaka ya rasu farkon damina. Yaya Aina'u ta zo daga gidanta a Watari, bayan sadakar bakwai ta kira ni ta ce, "Baba ya bar wasiyya, takardun nan naka ne. Zauren yana yoyo, ka zo ka kwashe." Na ce ina shirin kare aikina gaban malamai, ta ba ni mako biyu. Mako biyun ya zama wata biyu. Ita ta koma ɗakinta. Ruwa ya shiga adaka, gara ta biyo danshi. 'Yan'uwanta maza suka buɗe, suka ga baƙaƙen Larabci, kowane shafi da Bisimillah a samansa, ga shi ya jiƙe ya fara zagwanyewa. Me Musulmi ke yi da takarda mai sunan Allah in ta tsufa? Suka naɗe su cikin farin ƙyalle, suka binne a bayan masallaci inda ƙafa ba ta takawa. Ba su yi laifi ba, ko kusa. Ladabi suka yi, irin wanda aka koya mana duka. Su sun girmama takardun ba su san abin da ke ciki ba. Ni na san abin da ke ciki na wulaƙanta su.

Ranar da na kare aikin, wani dattijon malami ya tambaye ni, "Kafin zuwan kaset, su Hausawa masu kallo yaya suke raba fina-finai?" Na buɗe shafi na arba'in da biyu na karanta masa abin da na rubuta da hannuna: babu wata rubutacciyar hujja da ta nuna haka. Ya ce madalla da gaskiya. Aka tafa mini. Jama'a, a kan dakalin Baba Muntaka na rubuta wannan jimla, tsakanina da adakar bai kai taku goma ba.

Da na iso gida na ji labari, na roƙi Malam Khalilu, ya yi mini izini muka tona. Ƙasa muka tarar, baƙar ƙasa da 'yan zaruruwa. Na tafi Watari, don na ji cewa da idon Baba ya yi rauni, Yaya Aina'u ce ke karanta masa littattafan in ta zo ganin gida, har ta haddace da yawa: sunayen garuruwa, da shekaru, da abin da mutane suka ce. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini fura, ta ce, "Zaharaddini, abin da ka ƙi daga bakin mai shi, ba za ka same shi daga bakina ba." Ban yi musu ba. Na sha furar na tashi.

Don haka, ranka ya daɗe shugaban taro, ina roƙon kwamiti: a rubuta a allon nan Ɗakin Karatu na Muntaka Mai Majigi, a rubuta da boko, a rubuta da ajami. Ɗalibai kuma, ku shiga ɗakin nan, ku ci littafi, ku bincika intanet iya ƙarfinku, amma in kun fito ku tsaya wurin tsohon da ke ƙofa. Littafi yana jiranka shekara ɗari, tsoho ba ya jira. In kuma aka miƙo muku abin da ba ku iya ba, ku ce ba ku iya ba. Ni yanzu, da gemuna, kullum Juma'a ina gaban Malam Khalilu ina koyon ajami, yara suna yi mini dariya, kuma na cancanci dariyar.

Yaya Aina'u, na ga kin ja mayafi kin rufe fuska. Ba na neman ki yafe mini yau, da na sani ƙeya ce, kullum a baya take. A kantar farko ta ɗakin nan na ajiye littattafan rubutu goma sha ɗaya, sababbi, babu ko ɗigo a cikinsu. Ba ni zan rubuta ba. Ga Ramlat, ga Zakiyya, malaman makarantarmu, sun iya boko sun iya ajami, sun yarda su riƙa zuwa Watari duk ranar da kika ga dama. Sunana ba zai fito ko'ina ba. In kin ce kada in karanta, wallahi ba zan buɗe ba. Don Allah, don darajar mahaifinki, kada laifina ya sa a binne takardun nan sau biyu.

Allah ya jiƙan Baba Muntaka, ya haskaka kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Allah ya albarkaci ɗakin nan da masu shigarsa, ya ba mu ilimi mai amfani, ya raba mu da kunyar tambaya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da kowa gidansa lami lafiya. Sababbin littattafan suna nan a kantar farko, Yaya, suna jiranki.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.