Ƙwayoyin Baba a Ƙarƙashin Buzu

Assalamu alaikum mai gabatar da shirin lafiya, sannu da aiki. Ni ce Hadiza daga Bande.

Mahaifina ladanin unguwarmu ne. Tun damina ƙafafunsa ke kumbura, ko kiran salla ba ya ƙarasawa sai da haki. Muka kai shi Damagaram aka yi hoton zuciya. Lokotoro, wato likita, ya ce zuciyar tana harba jini daidai, amma ta yi tauri, ba ta sakewa ta cika, shi ya sa ruwa ke taruwa a jiki. Ya rubuta maganin hawan jini da na sa fitsari, ya hana gishiri.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Da kumburin ya ƙi saɓewa, na zargi lokotoro, na zargi mai farmasi da sayar mana da jabu. Har Inna na tsare, ko tana zuba gishiri a ɓoye. Ta yi kwanaki ba ta kula ni.

Ranar Juma'a ina shara na ɗaga buzunsa, sai ga ƙwayoyin fitsarin a zube. Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Hadiza, abin da ke karya mini alwala tsakanin kira da iƙama kike so in sha?"

Don Allah likitoci da malamai, ku ba ni shawara. Yau a gabana ya kai ƙwayar baki kamar ya sha, amma da na miƙa hannu zan gyara masa hula, sai ya dafe ta kamar mai ɓoye wani abu a ciki.