Wata Biyar da Aka Hana Kindiwa

Mai girma shugaban taro, wakilin hukumar lantarki, malaman coci, dattawan Omkola masu masaukinmu, iyayena mata, jama'ar kwarin nan baki ɗaya, ina gaishe ku da sunan mutanen Kindiwa. Na gode da kuka ba ni dama, ni Tobias Kerenga, in yi magana kafin a sa hannu.

Na farko, an tara mu ne domin kamfanin da ke gina madatsar lantarki a kogin Omkola yana neman ƙarin shekara biyu, karo na uku. Ba za a ba shi ba sai Kindiwa ta yarda, domin wayar wutar za ta ratsa gonakinmu.

Na biyu, ba zan ɓoye muku ba, ina jin kishi. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, koginmu aka fara ba lasisin gina madatsa. Mun yanka aladu arba'in ranar aza harsashi, ku ma kun ci. Sai ƙasa ta zaftare ta rufe hanya. Wata biyar kacal muka roƙa, aka ce doka ba ta san ƙari ba, aka soke lasisin. Yau a kan simintin harsashin nan matanmu suke wanke dankali. Mu wata biyar aka hana mu; ku shekara huɗu aka ba ku, ga biyu kuna nema.

Ranar kasuwa surukina Siune Waim, shugaban Omkola, ya ce mini, "Suruki, in wuta ta zo, ka riƙa kawo rediyonka muna cika maka batir." Na yi dariya, amma ban ci abinci ba ran nan. Matata ta ce, "Tsoho, harara ba ta jawo waya. Je ka faɗa musu a gaban mutane."

To, ga shi na faɗa. Mun ɗanɗani soke lasisi, ba ma yi wa kowa fatansa, ko da wanda muke kishi. Zan sa hannu. Amma a rubuta a takardar nan, yau, kafin in taɓa alƙalami: wayar da za ta bi ta kan gonakinmu za ta sauko Kindiwa. Suruki, rediyona a gidana zai ci wuta.

Allah ya tsare ma'aikata, ya riƙe duwatsun nan a inda suke, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.