Iskar Da Ta Zo Da Zarto

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban ƙungiyarmu ta 'yan jifan faifai, Mista Wendell Pike. Sakatariyarmu Corinne Thibault, wadda alƙalaminta ya fi hannunta na jifa saiti. Wakilin majalisar gari, wanda ya zo saboda mu, ko kuma saboda gasasshen waken da ke kan tebur, Allah ne masani. 'Yan kwana-kwana da suka ara mana wannan zaure. Dattawan ƙungiya waɗanda gwiwoyinsu suka ƙare a hawan tudu. Matasa masu ƙarfin dantse da ƙarancin saiti. Maza da mata, 'yan gari da baƙi, ina yi muku barka da yamma.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Noreen Laflamme, shekarata sittin da uku, kuma ina cikin mutum tara da suka haƙa ramin kafa kwandon farko da muke auna wa faifai a tudun nan. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni minti biyar, ina kuma neman gafararsa tun yanzu, domin zan wuce su. Ina godiya ga waɗanda suka kawo abinci, ina godiya ga waɗanda suka zo da cokali kawai.

Kowa ya san abin da ya tara mu, amma tun ɗazu ana ta kewaye-kewaye, bari in kira shi da sunansa. Shekara goma sha huɗu ke nan da Baba Lucien Gauthier ya bar mana tudunsa da kurminsa, muka kafa kwanduna goma sha takwas a tsakanin bishiyoyin da yake tatsar ruwan zaƙi daga jikinsu. Bai nemi komai a wurinmu ba sai sharaɗi ɗaya tak: kada a taɓa bishiya mai rai. Mako biyu da suka wuce aka yanke babban reshen da ke tare hanyar kwando na sha ɗaya, reshen nan da muke kira Gola saboda yadda yake tare mana faifai. Baba Lucien ya aiko da saƙo cewa nan da ranar Asabar, ko dai wanda ya yi aikin ya je ƙofarsa ya faɗa da bakinsa, ko kuma mu tumɓuke kwandunanmu mu bar masa tudunsa. Yau Alhamis.

Maganata ta farko a kan wasiƙar da shugabanni suka karanta mana ce, wadda ake so mu sa wa hannu, a haɗa da rigar ƙungiya da gurasar tuffa a kai wa tsohon. Corinne, kin yi ƙoƙari, kuma na san ba ke kika zaɓi kalmomin ba. Wasiƙar ta ce, "Mun sami labarin cewa iska mai ƙarfi ta karya reshen a wani yanayi da ba a tantance ba." Jama'a, an haife ni a jihar nan ta Vermont, a nan na tsufa, na ga iskar da ta ɗauke rufin coci, na ga iskar da ta kwantar da rumbun shanu, amma ban taɓa ganin iska mai ladabi irin wannan ba. Iskar da ta ratso kurmi guda ba ta taɓa ko tsinke ba, ta miƙe kai tsaye zuwa kwando na sha ɗaya; iskar da ta yanke reshe sumul kamar an yanka burodi; iskar da ta ja shi taku arba'in ta ɓoye a bayan katangar duwatsu, ta kuma rufe shi da ganye don kada ya ji sanyi. In dai akwai irin wannan iska a garin nan, ina roƙo a turo ta gidana, ina da itacen da ke son faskare.

Kuma wa za mu kai wa wannan wasiƙa? Mutumin da ya yi shekara sittin yana aikin itace. Mutumin da zarto ya ci wa yatsu biyu a hannun hagu. Shi za mu zaunar, mu ba shi riga, mu koya masa bambancin yanka da karaya? Ni ba zan sa hannu ba, kuma duk wanda ya sa, ya sani tsoho ya raina wa hankali, ba haƙuri ya ba shi ba.

Magana ta biyu, halinmu. Ba wanda ya tilasta mana kurmi. Akwai filin ƙwallo a bayan makaranta, shimfiɗaɗɗe, ba bishiya ba dutse, da can muka kafa kwandunanmu da yanzu kowannenmu gwani ne. Mu muka ce a'a, tudu muke so. Mu muka ce a'a, bishiyoyi muke so. Mu ne idan baƙi suka zo daga garuruwan kwari muke tsayawa a gindin tudu muna murmushi, muna jira mu ga sun hau suna haki, mu ce musu, "Sannunku, ai ba ku ga komai ba, ku bari ku gamu da Gola." Da bakinmu muke alfahari da reshen nan a gaban baƙi, da bakin nan kuma muke zaginsa idan baƙi sun tafi.

Ga Garrett Stowell can a baya, mai keken faifai. Faifai arba'in yake turawa sama da tudu, kowanne da sunansa, kowanne da nauyinsa, wannan na karkata dama, wancan na karkata hagu, wannan na ranar iska, wancan na ranar da ya yi faɗa da matarsa. Duka arba'in ɗin hanya ɗaya suka sani. Wata ranar Lahadi ya jefa, muka ji ƙwas, faifai ya gangara kwazazzabo. Ya juyo ya ce mini, "Anti Noreen, kin gani ai? Kin ga yadda reshen nan ya matso?"

Na ce, "Reshe ne ya matso, Garrett?"

Ya ce, "Wallahi da idona na gani. Makon jiya ba nan yake ba."

Na ce, "To ka kai shi ƙara mana, ga ni shaida."

Ya ce, "Ke dai komai wasa. Laifin faifan ne ma, sabo ne, bai saba da hannuna ba."

Zauna, Garrett, zauna, ban ce kai ne ba. Har ina iya rantsewa ba kai ba ne, domin da kai ka auna Gola da zarto, da wata bishiyar daban ka yanke. Na kawo ka ne don dukanmu kai ne. A wurinmu bishiya na da laifi, iska na da laifi, faifai na da laifi, takalmi na da laifi, tsuntsun da ya yi kuka na da laifi. Hannun da ya jefa ne kaɗai bai taɓa yin kuskure ba tun da aka kafa ƙungiyar nan.

Magana ta uku, kuma a nan dariya za ta fara raguwa. Mako biyu ke nan babu Gola. A cikin mako biyun nan, wa ya ƙi jefawa ta gurbin da ya bari? Wa ya tsaya ya ce, "Jama'a, ina reshen nan ya tafi?" Shugaba, da girmanka, kai da ka saba shiga kwando na sha ɗaya da jifa biyar, ranar Lahadi ka shiga da biyu, ka ɗauki hoto ka aika wa kowa, har da ɗanka da ke aikin soja. Matasa suka yi ta shewa, dattawa suka ce hannunsu ne ya dawo. Watan Maris ne, lokacin da ruwa ke hawa jikin bishiya, kuma kowa ya ga inda aka yanke yana ɗiga dare da rana, har ya huda ƙanƙarar da ke ƙasa. Mun gani. Muka riƙa kaucewa don kada ya ɗiga mana a hula, muka ɗauki faifanmu muka wuce kwando na sha biyu. Mutum ɗaya ne ya ja zarto, amma mu sittin da 'yan kai muka ci moriyarsa.

Ranar Litinin na hau wurin Baba Lucien don in ji ko zai sassauta. Na same shi a bukkar da yake dafa ruwan zaƙi, tururi ya cika ko'ina. Ya ce, "A'a, Noreen, ke suka turo? Shigo ki zauna, yarinya, kada ki tsaya mini a bakin ƙofa kamar mai tallan inshora." Ya zuba mini mai ɗumi a ɗan kofin takarda.

Na ce, "Baba, ba wanda ya turo ni. Na zo ne in ji ko za a yi mana afuwa."

Ya ce, "Afuwar me? Reshe ya tafi, ko ku duka kuka yi kuka ba zai koma ba. Mahaifina ya tatsi bishiyar nan, ni ma na tatse ta, ruɓa za ta shiga ta wurin yankan ta ƙarasa ta a hankali. Wannan na haƙura. Kin san abin da ke ci mini rai? Daga nan ina jin ku. Shekara goma sha huɗu, in aka zo na sha ɗaya sai in ji ƙwas, sai in ji zagi, in yi dariyata ni kaɗai. Yanzu sai ƙarar faifai a sarƙar kwando da shewa. Zagin ya fi mini daɗi, Noreen."

Na kurɓi abin da ke kofin. Sai ya ce, "Ranar da kuka zo neman tudun nan, ke ce kika ce mini wasanku ba shi da alƙali, kowa shi ke kama kansa da laifi, kowa shi ke ƙara wa kansa jifa idan ya taka doka. Na ce to, masu irin wannan hali a ba su kurmi. Ashe ƙarya kika yi mini, ko kuwa mutanen ne aka canza?"

Na shanye abin da ke kofin, na ce masa ya yi daɗi, na sauko.

Magana ta huɗu ita ce ta ƙarshe, kuma saboda ita na nemi a ba ni dama. Na yi wa wasiƙa ba'a, na yi wa Garrett, na yi wa shugaba, kun yi dariya, na gode. To ku saurara. Ranar da aka yanke Gola, faifaina ne ya maƙale a kansa, jan nan da na fi so. Mu biyar ne. Aka je aka ɗauko tsani a motar wani, ɗaya daga cikinmu ya hau, ni na riƙe masa tsanin da hannu biyu. Da ya jefo mini faifan sai ya leƙo ya ce, "Anti Noreen, tunda dai an riga an hau..." Ya zaro ɗan zarto mai naɗewa daga aljihun jakarsa. Sauran suka yi dariya. Ni ban ce yanke ba, ban kuma ce bari ba. Na ƙara danne tsanin da ƙafa don kada ya girgiza. Da reshen ya faɗi, yankan ya yi fari fat, ana hango shi daga nesa, ni ce na duƙa na ɗebo taɓo na miƙa masa ya shafe wurin.

Washegari da sassafe na dawo ni kaɗai na jefa ta gurbin. Faifan ya wuce sumul, ya sauka taku uku daga kwando. Shekara goma sha huɗu ban taɓa wucewa ba sai ranar, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi, har tsalle na yi da wannan gwiwar tawa. Wannan tsallen shi ne abin da ya fi ba ni kunya a rayuwata. Sannan na je na zauna a bukkar tsoho, na sha abin hannunsa, ya kira ni yarinya, ya tambaye ni ko ƙarya na yi masa, na ce abin sha ya yi daɗi.

Ba zan ambaci sunan wanda ya hau tsanin ba, ba kuma zan ambaci ukun da suka yi dariya ba. Suna cikin zauren nan, sun ci wake, ɗaya ma ya ƙara. Dokar wasanmu ba ta ce in kama wani ba, cewa ta yi in kama kaina, ga shi na kama, ko da yake na makara da mako biyu. Gobe Juma'a da ƙarfe takwas na safe motata za ta tsaya a ƙofar wannan zaure. Tana da kujera biyar. Zan jira minti goma, sannan in hau tudu, da mutane ko ba mutane. Ban sani ba ko Baba Lucien zai karɓi mai riƙe tsani a madadin mai zarto. Yana iya cewa ba ni ya nema ba, ranar Asabar mu zo da shebur mu tone kwandunanmu. In haka ta faru, ina roƙonku abu ɗaya: kada kowa ya ce tsoho ne ya kore mu, kada kowa ya ce iska ce.

Allah ya ba Baba Lucien lafiya da tsawon rai, ya sanyaya masa zuciya a kanmu. Allah ya raya abin da ya rage na bishiyar nan. Allah ya ba shugabanninmu ƙarfin halin yaga waccan wasiƙa, ya ba Garrett saiti, ya mai da kowa gidansa lafiya. Mutum huɗun nan kuma, Allah ya tashe su da wuri gobe.

Na gode.